Sunan Da Gwaggo Ba Ta Faɗa

Jidda, 6 ga Zulƙida 1375

Zuwa ga Malam Sallau, malamin ejan alhazai, Gumel.

Ka san sunana ko ba ka sani ba? Tambayarka nake yi, Yaya Sallau. Kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma an ce kana cikin waɗanda suka ci naman ragon sunana har ka yi ɓari a riga. To wane suna ka ji an raɗa mini ran nan?

Yanzu gaisuwa, tunda an ce ba a buɗe wasiƙa ba ita. Ina gaishe ka da iyali, da mutanen Gagarawa baki ɗaya. Ina fata ruwa ya zauna an gama shuka. Ni lafiyata ƙalau in ban da kunnen hagu da ya toshe tun a sama. Gwaggo Kande kuwa ban san lafiyarta ba, domin yau kwana biyu ke nan ban sa ta a ido ba. Ka sake karanta layin nan, kada ka wuce shi.

Bari in faro maka daga fari. Jirgin nan ba irin jirgin ƙasanmu na Tasha ba ne da kake jin ƙasa a ƙarƙashinka. Da ya ɗaga daga Kano, ni na tafi sama, cikina ya tsaya a ƙasa. Ƙara kuwa kamar an haɗa kan jirgi goma a ɗaki ɗaya. Wata Baturiya ta bi mu da auduga ta toshe kunne da alewa. Na leƙa taga sau ɗaya, na ga gari guda kamar an watsa tsaba a faifai, ban ƙara ba. Ni da nake ɗaukar buhun gyaɗa ina waƙa, sai ga ni na riƙe hannun tsohuwa, ita ce ke ce mini, "Yi salati, ɗan nan, kar ka ba ni kunya."

Can ta tambayi inda ake kewayawa. Aka nuna mata wani ɗan ɗaki a wutsiyar jirgi. Ta ce, "To in an yi, ina yake zuwa?" Wani shaƙiyyi mutumin Haɗeja ya ce, "Ƙasa mana, Hajiya." Shi ke nan. Ta ce ita ba za ta yi wa Musulmi fitsari a ka ba tana hanyar ɗakin Allah. Don kada ya matse ta, ta daina shan ruwa. Ko da muka sauka shan mai a Hartum, kurɓa ɗaya ta yi don na yi mata rantsuwa.

Da aka buɗe ƙofa a Jidda, zafi ya mare ni kamar na leƙa tanderu, ga iska mai danshi da gishiri. Kowa ihu yake da Larabci. Na ɗauka ina jin Larabci tunda ina sallah, ashe ko kalma ɗaya ba zan tsinta ba. Askarawa, wato 'yan sandansu, suka jera mu kamar awaki ranar kasuwar Maigatari, har gaban teburin wani mai hatimi. A gefensa akwai tafinta, wani tsohon Bafillace mai suna Sajo, wanda ya zo ƙasar nan da ƙafa shekara talatin da suka wuce bai koma ba.

Mai hatimi ya buɗe fasfon Gwaggo ya ce wane ne muharraminta. Na ce ni ne, ɗan ƙaninta. Ya buɗe nawa. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Nawa, wanda na cika takardarsa da hannuna don kada in roƙe ka, an rubuta Ilyasu. Nata, wanda kai ka cika da hannunka mai kyau na 'yan makarantar Midil, a gurbin muharrami an rubuta Ɗantsoho.

Ɗantsoho, Sallau! Sunan da ake kirana in zo in ci tuwo!

Sajo ya yi masa bayani cewa a ƙasarmu mutum na da sunan yanka da sunan gida. Mutumin ya ce sun gaji da masu shigo da matan da ba nasu ba suna cewa gwaggo ce, inna ce. Amma ya kawo sauƙi. Ya ce kowa ya yi shiru, tsohuwa ta faɗi sunan da ke cikin fasfona da bakinta, in ya dace mu wuce.

Kai ka san abin da ya sa ba za ta faɗa ba, duk Gagarawa an sani. Mijinta bai yi arba'in da rasuwa ba aka haife ni aka mayar mini da sunansa. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa sunan nan bai fito daga bakinta ba, yau shekara arba'in.

Sajo ya ce, "Hajiya, yaya sunan yaron nan?"

Ta ce, "Ɗantsoho."

"Na yanka nake nufi."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Sunan mai gidana gare shi."

"To shi za ki faɗa."

"Ban iya ba."

Na ce, "Gwaggo, don girman Allah, kalma ɗaya ce!"

Ta ce, "Rufe mini baki. A ƙasar Manzo zan fara rashin kunya?"

Sajo ya roƙa a bar shi ya faɗa, ita ta ɗaga kai. Mai hatimi ya ce ɗaga kai kowa ya iya. Nan ne na yi nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Na buga teburin, na faɗi maganganun da na gode Allah Sajo bai fassara ba. Askar biyu suka fitar da ni ta ƙeya. Ina waige na ga wata mata ta kama hannun Gwaggo ta shige da ita wani dogon gida mai waya a taga. Ƙullin kayanta na kanta, butarta na hannuna.

An tsare Gwaggo. Ayarinmu ya wuce Makka jiya. Ni ina gindin katangar gidan nan, nan nake sallah nan nake kwana.

Abu biyu ne zai fito da ita. Ko ta faɗi sunan, ko a kawo takardar alƙali mai hatimi da ke shaida cewa Ɗantsoho da Ilyasu mutum ɗaya ne, kuma ɗan ƙaninta ne. Na farkon ka san ba zai yiwu ba. Saboda haka ka je gaban Alƙali ka ce kai ka rubuta ba daidai ba, ka karɓo takardar. Jiragen da ke sauke alhazai suna komawa Kano wayam, yaron ejanku na kai da komo a ciki, shi na ba wannan. Daga Kano jirgin Nguru zai sauke ta a Tasha. Ta wannan hanya za ka aiko. In Arfa ta wuce tana cikin gidan nan, shanun da ta rabu da su da shekarun da ta yi tana jira duk sun tafi a banza. Wannan ma in ta rayu ke nan, ga zafin nan ga ta ba ta shan ruwa.

Tsoro nake ji, Sallau. Ban taɓa faɗa maka haka ba, kuma kada ka saba.

Ilyasu.

*

Gumel, 12 ga Zulƙida

Zuwa ga ƙanena Ɗantsoho.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanar da kai muna nan lafiya. An yi ruwa biyu masu kyau, an gama shuka har an fara noman fari a wasu gonakin. Wasiƙarka ta same ni jiya da la'asar. Rubutunka ya yi sauƙi, sai dai har yanzu kana manne kalmomi, kuma babu laifi in ƙarami ya fara da gaisuwa kafin faɗa.

Na yi juyayin abin da ya faru. Amma tunda ka tambaye ni, zan amsa. Na san sunanka. Ƙa'idar aikinmu ita ce in na cika wa mutum takarda, in karanta masa ita da ƙarfi a gaban shaidu biyu kafin ya dangwala hannu. Ran nan a zauren gidanku Gwaggo na zaune a gabana, Liman na gefe, mai unguwa na gefe. Na tambaye ta muharrami, ta ce Ɗantsoho. Na ɗaga alƙalami na tsaya. Matar nan ta goya ni a bayanta lokacin da uwata ke jinya. In dube ta in kira mata sunan mijinta a gaban maza? Na rubuta abin da ta faɗa. Na ɗauka kai ma shi za ka sa a taka takardar, da ka kawo mini ita kamar kowa da an ga bambancin tun a nan. Girman kai ya hana ka.

Game da Alƙali, abin ba kamar sayen goro ba ne. Sai na tsaya a gaban majalisa na ce na cika takardar tafiya da sunan da na san ba shi ba ne. In maganar ta kai kunnen ejan, aikina ya ƙare, ina da mata da 'ya'ya uku. Duk da haka zan je in an samu sarari. Kafin nan kai ka bi ta a hankali. Ka sa tafintan nan ya gaya mata lalura ce, malamai sun yarda. Tsofaffi sukan sauko in ba a yi musu ihu ba, kai kuwa ba ka iya magana ba sai da ihu.

Na je Gagarawa na karanta wa mutanen gida abin da ya dace su ji. Babu amfanin tayar da hankalin Murja 'yar Gwaggo tana da tsohon ciki.

Ka riƙe bakinka a ƙasar mutane.

Yayanka,
Malam Sallau.

*

Jidda, 18 ga Zulƙida

Sallau,

Gaisuwa. Ba ni da lokaci, mai ɗaukar wasiƙa na tsaye a kaina, jirgi zai tashi.

Taka ta zo jiya, na karanta, Allah ya isa tsakanina da "in an samu sarari".

Yau da hantsi aka sake fito da Gwaggo gaban mai hatimi. Sajo ya yi ta lallashinta kamar yadda ka ce. Ta daɗe a tsaye tana kallona. Daga nan ta faɗi, a gaban mai hatimi da askarawa da kowa. Hannuna rawa yake yi, ba na iya riƙe fensir.

Kai ka san abin da ya rage maka.

Ilyasu.

*

Gumel, 24 ga Zulƙida

Zuwa ga ƙanena Ɗantsoho.

Bayan gaisuwa, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Gajeriyar wasiƙarka ta sauke mini dutse daga ƙirji. Ka ga abin da na gaya maka ko? Da aka bi ta a hankali ai ga shi ta faɗi. Na san abin ya yi mata nauyi, kai ma na ga ya girgiza ka tunda ka ce hannunka na rawa, amma Allah ya ga zuciyarta, kuma babu wanda zai ji wannan magana daga bakina a gida.

Tunda ta faɗi, takardar Alƙali ba ta da sauran amfani, don haka ban je ba. Da ma na sa ranar Litinin. Ka ce na san abin da ya rage mini, na sani, shi ne in nemi gafararta, kuma zan yi in kun dawo, ni da ita a ɗaki.

Yanzu na san kuna Makka. Ka kula da ita wajen ɗawafi, an ce akwai turereniya. Gero ya kai gwiwa a gonarku, sai dai ciyawa ta so ta fi ƙarfin ƙannenka. Wani kamiyo, babbar motar kaya ta mutanen Damagaram, ya kafe a hanyar Maigatari kwana biyu, an sha kallo.

In da hali ka taho mini da Zamzam ko kaɗan ne, da hula irin tasu, kaina ya ɗan fi naka girma. Ga wata takarda ta Murja da Limamin Sule Tankarkar ya rubuta mata da ajami, an liƙe ta, na haɗa da tawa.

Yayanka,
Malam Sallau.

*

Sule Tankarkar, 22 ga Zulƙida

Daga Murja zuwa ga ƙanena Ɗantsoho, ta hannun Liman.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Innata. Ni da nauyi dai, amma lafiya, wata mai kamawa ake sa rai. Mai gida na gaishe ku.

Ɗantsoho, ranar da Yaya Sallau ya zo Gagarawa da wasiƙarka ina gida, na je ganin ɗakin Inna. Ya tsaya a ƙofar gida, mutane suka taru, ya karanta. Ya ce kun sauka lafiya. Ya ce manyan ƙasar sun karɓi Inna sun sa ta a wani babban gida ita da mata 'yan'uwanta, an tsare ta, askarawa na gadinta ba mai taɓa ta. Mata suka yi guɗa. Baba Ɗanjuma ya ce da ma Kande mai sa'a ce tun tana yarinya.

Ni ban yi guɗa ba. Ban iya boko ba amma na iya ƙirga. Takarda huɗu na gani a hannunsa, gaba da baya, karatun kuwa bai kai a sha ludayi uku na fura ba. Kuma na san ka. Kai ba ka taɓa cika takarda huɗu da yabon kowa ba.

Ka gaya mini gaskiya. Ka rubuto da ajami ta hannun Liman, ko da hannunka ba kyau zai gane. Kuma ka sani, Inna na da jiri in ta yi yini ba ruwa, bara sau biyu muna ɗaga ta a gona, ta hana a faɗa maka don kada ka ce ba za ta iya tafiyar ba. In ka tambaye ta za ta ce lafiyarta ƙalau. Kada ka yarda. Ka tsaya a kanta sai ka ga maƙogwaronta ya motsa.

Na ba ka uwata da ƙafafunta. Ka dawo mini da ita.

*

Jidda, 1 ga Zulhajji

Sallau,

Babu gaisuwa. Ka nemi mai gaishe ka.

Ta faɗi, Sallau. Faɗuwa. Ƙasa. Ta yanke jiki ta faɗi a kan siminti, goshinta ya bugi ƙafar tebur, jini ya ɓata mayafin da Murja ta rina mata. Wannan ne na rubuta maka. Kai da ka yi shekara huɗu a Midil kana gyara mini rabon kalmomi, kalma ɗaya mai fuska biyu ta zo gabanka, sai ka zaɓi fuskar da za ta hana ka zuwa gaban Alƙali. Na ce hannuna na rawa. Wa ya taɓa rawar hannu don murna har ya kasa riƙe fensir? Ko da kana shakka, me zai ci ka in ka karɓo takardar ka aiko, in ta zo ba a bukata in kunna wuta da ita?

Hula kake so. Kanka ya fi nawa girma. Wallahi ya fi.

Ba mu je Makka ba. Ina inda ka bar ni, gindin katanga. Da na ga ambulan mai kauri jiya, na ruga wurin Sajo ina dariya kamar mahaukaci, na ce takarda ta zo. A gabansa na buɗe. Sai ga Zamzam da hula da kamiyon Damagaram. Tsohon nan ya juya baya don kada ya ga fuskata.

Jirgin da ya kawo wasiƙarka shi ne na kusa da ƙarshe. Na ƙarshen yana hanya yanzu. Ko yau ka je gaban Alƙali ka yi kuka, babu abin da zai kawo takardar kafin Arfa. Ka huta, aikinka ya tsira.

Tun ranar da ta faɗi aka mai da ita ɓangaren marasa lafiya. Ba a barin namiji ya shiga. Sajo ne ke samo mini labari, ya ce zazzaɓi ne da rashin ruwa a jiki, da cokali ake ɗura mata, wani lokaci ta haɗiya wani lokaci ya dawo. Ba ta jin maganarsu, ba sa jin tata. Ya ce tana ta tambaya ko an ba ɗan nan abinci.

Ka san aikina yanzu? Akwai wata ƙaramar ƙofa ta baya inda ake fito da waɗanda suka cika. Zafin nan na kashe tsofaffi, kullum sai an fito da ɗaya ko biyu, a rufe. Da na ji ƙarar sakatar sai in ruga. Ba na iya tambaya, ba ni da harshen. Ƙafa nake dubawa. Gwaggo na da ɗan yatsan da jaki ya taka ya karkace, shi nake nema. Jiya aka fito da wata baƙa siririya mai lalle irin namu, na ƙarasa na duba ƙafarta. Ba ita ba ce. Na yi hamdala, sannan na tuna ita ma wannan uwar wani ce, na rasa inda zan sa kaina.

Sajo ya ce motocin ƙarshe na Makka ranar bakwai ga wata za su tashi. Ya ce in bi su ko ni kaɗai, kada mu yi asara biyu. Na ce in je in gaya wa Allah me?

Na karanta ta Murja. Yanzu na san yadda kake karatu a ƙofar gida.

Ilyasu.

*

Jidda, 7 ga Zulhajji

Zuwa ga Malam Sallau a Gumel. Irin wannan sak, da ajami, zuwa ga Limamin Sule Tankarkar don Murja.

Ina gaishe da Liman, ina gaishe da Yaya Murja, Allah ya raba lafiya. Ina gaishe da duk wanda ke tsaye yana jin wannan. Gwaggo na da rai. Na fara da wannan don Murja ta zauna. Tana kwance a bayan mota kanta a cinyata, a kan gwiwa ɗaya nake rubutu kafin direba ya gama zuba ruwa. Sajo zai riƙe wasiƙun ya ba jirgin farko da zai koma, ban san ranar da za su iso ku ba.

Ga yadda aka yi, kuma ba na so a rage ko harafi.

Shekaranjiya bayan azahar mai hatimi ya shiga ɓangaren marasa lafiya don ya rubuta waɗanda ba za su iya tafiya ba. Sajo ya bi shi yana roƙo, ya ce tsohuwar nan ba ta gane kowa, a bar yaron ya shiga ko sallama su yi. Ban san abin da ya taɓa zuciyarsa ba, ya ce minti biyar.

Ku tuna wata guda ke nan ban ga aska ba. Gemu ya fito mini, na rame, rigata ta yage tun ranar da askarawa suka ja ni, tsohuwar rigar Sajo ce a jikina da rawaninsa saboda rana. Haka na shiga.

Da ƙyar na gane ta. Ta zama kamar ƙullin kaya a kan gado. Leɓunanta sun tsage. Na durƙusa na ce, "Gwaggo." Ba ta motsa ba. Na kama hannunta. Sai ta buɗe ido ta dube ni, ta daɗe, sannan ta yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba. Da wata murya ƙarama, kamar ta yarinya, ta ce:

"Ilyasu."

Mai hatimi na tsaye a ƙafar gadon da fasfona a hannu.

Ta ce, "Ilyasu, ka daɗe. Furarka har ta yi tsami. Ka zo tafiya da ni ne?"

Jama'a, ba ni take kira ba. Na so in saki hannun in gudu, domin na san wanda take gani, kuma na san inda yake, kuma na san in ya zo tafiya da ita ba Makka za su ba. Sajo ya sa ƙafa ya taka ni ya ce a hankali, "Amsa, ɗan banza, amsa."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "To bari in ɗauko mayafina."

Mai hatimi ya tambayi Sajo, Sajo ya nuna masa sunan a fasfo da yatsa. Ya dube ta, ya dube ni. Ya ɗora takardar a kan gwiwarsa ya buga hatimi. Abin da na yi wata guda ina roƙo, bai kai ƙiftawar ido ba. Ni kuwa ina durƙushe na amsa kiran mamaci, ina jin kamar na sato wani abu daga kabari.

Suka bar ni na zauna da ita. Na yi yadda Murja ta ce, cokali cokali, ina kallon maƙogwaro. Jiya da safe zazzaɓin ya sauka, ta gane ni, ta ce, "Ɗantsoho, wa ya ba ka wannan rigar kamar ta mai bara?" Na yi kuka, ta ce in daina, mutane na kallo.

Ba ta iya tsayuwa. Likitansu ya ce zafin Arfa ya fi na nan, ya girgiza kai. Na gaya mata, ta ce ko gawarta ce in kai. Zan goya ta. Buhun gyaɗa ya fi ta nauyi sau biyu. Ko za ta sauko daga dutsen nan da rai, ban sani ba, kuma tsoron da nake ji yanzu ya fi na cikin jirgi.

Ɗazu, bayan na yi wanka na ɗaura harami, ina gyara mata shimfiɗa a motar nan, ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, me ya sa suka sake mu? Takardar Sallau ta zo?"

Na ce, "Ba ta zo ba."

Ta ce, "Matan ɗakin can suna ta kallona suna murmushi. Da zafin nan ya ɗauke ni, na yi wata magana ne?"

Na ce, "Salati kika yi ta yi, Gwaggo. Shi ya ba su tausayi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Da na ji tsoro."

Ban taɓa yi mata ƙarya ba tun da ta yaye ni daga hannun uwata. Na yi yau, da harami a jikina, fuskata na duban Makka. Kuma zan ci gaba da yi har ɗayanmu ya mutu. Duk wanda ya ji wannan wasiƙa ya riƙe bakinsa a gabanta, in Allah ya dawo da ita. Wanda ya gaya mata, ni da shi ne.

Saura kai, Sallau. Ba a ɗaki za ka nemi gafara ba. Ranar Juma'ar farko bayan wannan ta iso, ka je Gagarawa, ka tsaya a ƙofar gidan da ka sa mata suka yi guɗa. A kira mai unguwa, a kira Baba Ɗanjuma, a ɗauko Murja ko a kan jaki ne. Ka karanta wannan da ƙarfi tun daga gaisuwa, Limamin Sule Tankarkar na bin tasa da yatsa, in ka tsallake layi ya tsayar da kai. In ka gama, ka ninke takardar, ka ɗaga kai ka dubi mutane, ka amsa musu da bakinka: ƙaryar da na yi wa Gwaggo da harami a jikina, a wuyan wa take?